Kiɗan Shan Ruwa

Bana damina ta yi kyau, gero ya kai gwiwa. Na sa aka ɗora ni bisa amalanke aka zagaya da ni tun daga bayan gari har bakin hanyar Gidan Sori don in ga noma da idona, amma ban ga mutum goma jere cikin gona guda ba. Kowa shi kaɗai, kamar wanda aka yi wa baki. Wannan yana bin shanun huɗa, wancan ya goya tulun feshi yana kashe haki da magani, kuma duk saurayin da ka duba ya cusa wasu 'yan igiyoyi cikin kunne yana ta kaɗa kai. Kai, duniya! Mutum da kunnenshi garau, ya toshe shi da hannunshi. Da ana aron kunne, wallahi da na roƙi ɗayansu ya ba ni nashi na yini guda, in ji ko da kukan kurciya ne, da marece in mayar mishi da abinshi.

Mutane suna zaton kurma cikin shiru yake zaune. Ina! Da shiru ne ai da na gode Allah. Ni gyare ke cikin kaina, gyare guda mai siririn kuka, tsiii, ba ya gajiya, ba ya zuwa ganin gida. Da shi nake alwala, da shi nake sujada, da shi na raka duk sa'o'ina kushewa. Ya shiga tun ina saurayi mai sabon aure, ga shi yau haƙori biyu suka rage mini, shi ko muryarshi ba ta dushe ba. Idan hadari ya haɗu sai ya ƙara kaifi har in riƙa runtse ido. Na saba da shi yadda ake sabawa da mugun maƙwabci, ba ka sonshi, ba ka kuma da inda za ka kai shi.

Ni makaɗi ne, ɗan makaɗi, gangar noma muka gada. Yaran yanzu a baki kawai suka san gayya. A zamaninmu idan mai gona ya kira gayya, tun rana ba ta yi zafi ba maza sun jera daga wannan iyaka zuwa waccan, hauya ta tashi tare ta sauka tare, kaf, kaf, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ƙamshi, mata suna gindin tsamiya da ƙoren fura suna jiran a kira su. Kowane barden noma, wato gwanin da ke jan sahu, yana da takenshi, kiɗan da yake nashi shi kaɗai. Idan makaɗi ya bi bayan mutum ya ɗauko takenshi, to, mutumin nan ba shi da ikon miƙe baya, ba shi da ikon ɗaga kai, sai ganga ta sake shi. Wanda ya tsaya takenshi na tashi ya gama zama namiji a garin, kafin kaka 'yan mata sun sa shi cikin waƙar gaɗa.

Ubana yakan ce, "Hannu kowa na da shi, ko biri ka ba gula ya doki fata. Kunne shi ne makaɗi." Ban gane ba sai ranar da ya buɗe mini asirin sana'ar. Barde komai ƙarfinshi mutum ne, numfashi yana ƙare mishi. In ya ji ya kai maƙura, ba ya waiwaye, ba ya sassauta hannu, sai ya ce ƙasa-ƙasa, yadda mai bin dugaduganshi kaɗai zai ji, "A sha ruwa." Makaɗi ya ɗan ja kaɗan don kada a gane, sannan ya juya zuwa kiɗan shan ruwa: uku a hankali, biyu da sauri, a dafe fata da tafin hannu. Nan take duk sahu ya miƙe lokaci guda, mata su taso da fura, ba mai sanin wane ne ya gaji. Dalilin da ake ba mu dami da kaka ke nan, ba daɗin kiɗa ba. Asirin maza muke riƙewa. Ubana ya mutu da sunayen waɗanda ya sauke da kiɗan nan, ko uwata bai faɗa wa ba.

Babban barden garinmu a lokacin shi ne ya zama surukina. Dogo ne, baƙi, mai ƙarancin magana, furfura ta riga ta cika mishi gemu amma bai yarda ya bar gaban sahu ba. Shekara da shekaru ubana yana bin bayanshi, da ya rasu na ɗauki gangar na ci gaba daga inda ya tsaya. Ranar da na nemi ɗiyarshi danginsu suka tashi, wai ɗiyar manomi gidan maroƙa? Ya bari suka gama, ya ce, "Gidan da ya riƙe mini asiri a gona ya riƙe mini ɗiya." Magana ta mutu a nan. Baba nake ce mishi, ban taɓa iya haɗa ido da shi ba. Shi kuwa ɗan abokina yake kirana.

Shekarar da aka ce Nasara ya tafi, ƙasa ta zama tamu, aka aiko a tara makaɗan ƙauyuka a Tsibiri don ɗaga sabuwar tuta. Na tafi da ƙafa, da rigar angoncina, ina ta rawar kai. 'Yan lakol, wato yaran makaranta, suna waƙa da Faransanci, jandarma suna tura jama'a baya. Aka jera mu, aka jera maharba a bayanmu da bindigoginsu irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wani a cikinsu, don a san ya zo, ya ɗura tashi ninki biyu. Tuta ta kai sama, aka ce a harba. Tsakanin bakin bindigar da kunnena na hagu bai fi kamu ɗaya ba. Abin mamaki, ban ji ƙarar ba. Haske na gani, sai na tsinci kaina a ƙasa, ganga a kaina, wani abu mai ɗumi yana bin wuyana. Mutane suna tsalle, bakinsu a buɗe, ni ba abin da nake ji sai tsiii. Kowa ya koma gida da 'yancin kai, ni na koma da gyare.

Kunnen hagu ya mutu murus. Na dama ya ɗan dawo, kamar ana yi mini magana daga cikin rijiya. Idan an matso an ɗaga murya nakan tsinci rabi. Ba abin da ba a zuba ba, man shanu mai ɗumi, ruwan albasa, rubutu, har ƙaho wanzami ya kafa mini a bayan kunne, duk da sunan ciwon kai. Na je Maraɗi da sunan sayen fata, na saci jiki na ga likita. Ya leƙa da 'yar fitila, ya sa tafinta ya yi mini ihu cewa dodon kunne ne ya fashe. Na ce to a ɗinka wani mana, mu idan fata ta fashe akuya muke yankawa. Tafinta ya yi dariya har da riƙe ciki. Likitan bai yi ba.

Mai ɗakina ce kaɗai ta san gaskiya. Wata rana da hantsi, gab da faɗuwar damina, tana surfe da tsohon ciki, ta jingine taɓarya ta zagayo ta damana, ta sa baki a kunnena.

"Maigida, ruwa ya kusa. Ka faɗa wa Baba."

"In faɗa mishi me? Cewa kurma ya ba ɗiya, kurma zai bi bayanshi?"

"Ciwo ne ya same ka, ba sata ka yi ba."

"Ke, rufe mini baki! In aka ji, gangar nan ta bar gidanmu ke nan. Wa zai kira kurman makaɗi? 'Yar gonata ko zakara ba za ta ciyar ba. Wanda ke cikinki in ya zo, me zai ci?"

Ta ce, "Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi." Ta koma ga turminta.

Gaskiya na ƙware a ƙarya, ba zan ɓoye ba. Idan zan ɗaure ganga sai in ciji bakin icenta in buga, haƙora su gaya mini ko fata ta ja. Kiɗa kuwa a haƙarƙari nake jin shi, hannuna ya san hanyarshi tun ina goye. Duk wanda ya motsa baki a gabana sai in ce lafiya lau, in yi gaba. Waɗanda suka kira ni ta baya ban waiwaya ba suka ce tun da na yi wa tuta kiɗa na fi ƙarfin talaka. Na gwammace a ce mini mai girman kai da a ce mini kurma. Gayya uku na yi a farkon daminar ba wanda ya gane, don dabarata ita ce in riƙa sakin kiɗan shan ruwa tun ba a nema ba, har samari suka fara tsiya wai na mayar da gayya wurin shan fura. Na ce a raina shi ke nan, na ci. Ashe ramin ƙarya ƙurarre ne.

Da lokacin maimai, wato noma na biyu, ya yi, sarkin noma ya kira babbar gayya a gonarshi, ya gayyato baraden wani gari daga wajen Cadakori. Cikinsu akwai wani ƙaton saurayi mai tashe, wanda aka ce bai taɓa ganin bayan kowa a sahu ba. Tun da safe sarkin noma ya ja ni gefe, Allah ya so ta damana ya tsaya, kuma shi mutum ne mai amo. Ya ce, "Yau ban da yawan shan ruwan nan naka. Kada baƙi su raina mu. Sai an nema." Na ce to. Me zan ce? An yi ruwa jiya, rana ta fito da zafin nan mai gumi, ko ganye ba ya motsi.

Aka jera Baba da saurayin kafaɗa da kafaɗa. Kafin rana ta kai tsaka sun bar sauran sahu a baya, su biyu kawai suke tunkarar iyakar gona, ni a dugadugansu. Na ɗauko taken Baba. Wallahi ban taɓa kiɗa irin na ranar ba, kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan har gobe. Ina hango mata sun kama hanci, na san guɗa suke. Na kafe idona a bayan Baba, don na ce in ya gaji baya zai nuna. Bayan bai nuna mini komai ba. Gumi yana kwarara, hauya tana tashi daidai tana sauka daidai. Na ga kanshi ya ɗan karkato wajena, na ce kirari yake, na amsa mishi da gula. Na ga saurayin ya juyo ya yi mini wani irin kallo, na ce tsoro ya kama baƙo, na ƙara wuta. Ina murna fa! Ina cewa yau surukina zai san ɗan abokinshi ya gaji ubanshi.

Ya kai iyakar gona, ya riga saurayin da sara uku. Ya miƙe, ya juyo ya dube ni, karo na farko da muka haɗa ido. Sai jini ta hanci, ta baki. Ya durƙusa, ya kife bisa hauyarshi. Ni kuwa hannuna bai tsaya ba sai da wani ya zo ya riƙe gula.

Kwana biyu ya yi a kwance. Rana ta biyu bayan azahar ya aiko a kira ni. Ba kowa a ɗakin sai ɗiyarshi, mai ɗakina, tana yi mishi fifita. Na durƙusa a bakin gado, na karkata kunnen dama iyakar inda kunya ta bari, don suruki ne, ba ka kai kunne bakinshi ba. Ya fara magana. Ya yi mai tsawo, mutumin da ba ya haɗa kalma goma a yini. Ya tsaya ya huta, ya ci gaba. Ina kallon leɓɓanshi suna motsi, gyare yana tsiii, ko kalma guda ba ta shiga ba. Ya gama, ya zuba mini ido yana jiran amsa. A nan ne ya kamata in ce, Baba, ban ji ba, tun ranar tuta ba na ji. Kalma nawa ce, jama'a? Na dubi mai ɗakina, ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga bisa mafici. Na buɗe baki na ce, "To, Baba." Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya fuska ga bango. Kafin la'asar ya cika.

Ranar sadakar uku saurayin nan ya zo gaisuwa, ya faɗi abin da ya ji a gaban mutane. Ni ina gefe ina ganin bakuna suna motsi, idanu suna juyowa kaina ɗaya bayan ɗaya. Sai yayan mai ɗakina ya taso ya ci kwalata, ya yi ihu a fuskata yadda ko dutse zai ji.

"Sau uku ya nemi ruwa! Sau uku! Na farko a hankali, na biyu da ƙarfi, na uku har da don Allah ɗan abokina! Ka sa ubanmu ya yi roƙo a gaban baƙo, ka kuma hana shi! Me ya yi maka? Ɗiyar da ya ba ka ce laifinshi?"

Saurayin ma ya ce shi ya zaci akwai wata a ƙasa tsakanin suruki da suruki, shi ya sa bai sa baki ba. To, a nan na faɗa. Abin da na ɓoye don kada ganga ta bar gidanmu, na faɗe shi a tsakiyar zaure, lokacin da ba zai amfani kowa ba. Ba wanda ya doke ni, da ma sun doka. Yayan ya saki rigata ya goge hannu a jikinshi. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Tun daga ranar ba wanda ya sake kirana gayya, ni ma ban sake taɓa gula ba. Fatar gangar ta bushe ta tsage a inda na rataye ta, icen kuwa kaji suka yi ta ƙwai a ciki har ya ruɓe.

Bayan arba'in na yi ƙarfin hali na tambayi mai ɗakina. Ta haihu a lokacin, tana ba jinjiri nono. Na ce, "Don girman Allah, me Baba ya ce?" Ta matso ta sa baki a kunnena, ba da faɗa ba. "Da kai ya yi magana, ba da ni ba. Kuma lokacin yana da ran maimaitawa." Ban sake tambaya ba.

Danginta sun so ta dawo gida, ta ƙi. Ta zauna da kurma. Na koma tufkar igiya da 'yar gonata, ita ce kunnena a kasuwa, ita ce kunnena a wurin suna da wurin gaisuwa, ta tsaya ta damana tana zungurina in an yi mini magana. Da kunnen daman ma ya bi ɗan'uwanshi sai muka koma hannu da ido. Ba ta taɓa goranta mini ba, ko a ranar da muka fi ɓatawa, amma ba ta kuma taɓa faɗa mini ba. Ni kuwa ina tufka ina ƙera maganar Baba a raina. Wata rana in ce yafe mini ya yi. Wata rana in ce Allah ya isa ya ja mini, ni kuma na amsa da to. Wata rana in ce tambayata ya yi, me ya sa, ɗan abokina? Wannan ce ta fi ci mini rai, don ita ce mai amsa, kuma amsar tana bakina. Yaran yanzu in sun rasa kalma guda a wayarsu sai su mayar da ita baya su sake ji. Ni ba inda zan danna.

Bara da bazara mai ɗakina ta kwanta, kwanciyar da ba ta tashi ba. Wata rana da hantsi ta kori 'ya'ya da jikoki daga ɗaki, ta yafito ni. Na zauna bakin gado. Ta fara magana, mai tsawo, ta tsaya ta huta, ta ci gaba. Bakinta irin na ubanta ne, ban taɓa lura ba sai ranar. Na san saƙon Baba take faɗa, abin da na jira tun ina da baƙin gashi. Ta gama ta zuba mini ido. Wannan karon ban ce to ba. Na ce, "Ban ji ba, uwar yara. Wallahi ban ji ba." Ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta jawo kaina, ta sake. Ina jin ɗumin numfashinta a kunnena, tsiii kawai. Na ce bari in kira wani ya ji ya nuna mini. Ta girgiza kai. Na fashe da kuka, tsofai-tsofai da ni.

Sai ta kamo hannuna na dama, hannun gula, ta buɗe tafin. Ita ma ai ta ɗauki fura a ka ta jira a gindin tsamiya tun tana budurwa. Ta sa yatsunta ta buga, uku a hankali, biyu da sauri, ta dafe.

Kwana biyu bayan nan muka kai ta. Har yau ban sani ba ko saƙon ubanta ne ta isar, ko tausayin tsohon kurma ne ya kama ta, ta sauke ni da kanta. Ba wanda ya rage da zan tambaya. Gyaren yana nan, bai rage komai ba. Amma ranar, da na fito daga ɗakinta, na zauna a ƙasa na ce a kawo mini ruwa, aka kawo, na sha.